Dabarun Kwanan Daji Da Magabata Suka Bari

Kwanan daji tsohon abu ne a wurin Bahaushe. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano cikin shekarar 1911, ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ya nufi Gwanja sayen goro, a yi wata da watanni bisa hanya, kullum kuwa inda aka yada zango nan ne gida. Madugu shi ke zaɓen wurin sauka, kuma ba a yaba masa sai in ya sauke mutane da jakuna lafiya, ya tashe su lafiya. Unguwannin nan da ake kira Zango a Kumasi da Tamale da sauran garuruwan ƙasar Gana, daga irin wannan sauka suka samo sunansu. Haka kuma maniyyatan da suka riƙa bin ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur don zuwa Makka, waɗansunsu sun shekara suna kwana a filin Allah, ba su da rufi sai abin da hannunsu ya ɗaura.

Mota da jirgin sama sun kashe irin waccan tafiya, amma kwanan daji yana nan. Har gobe makiyayi yana ruga, masunci yana gaɓar tafkin Chadi ko na Kainji, ga mafarauta da 'yan ci-rani, ga masu haƙar rijiyar burtsatse da 'yan safiyo, ga yaran sikawut da akan fitar bayan gari don horo. Waɗannan da shirinsu suka bar gida. Akwai kuwa waɗanda tilas ta fitar. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun raba ɗimbin jama'a da gidajensu a jihohi da yawa, kuma cikin watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, mutanen Maiduguri da ba su taɓa kwana a waje ba suka wayi gari a filayen makaranta da gefen titi, daga su sai tabarma da tamfol. Ashe ke nan sanin zaman zango abu ne da kowane magidanci yake bukata, ko da bai taɓa sha'awar yawo ba. Abin takaici, masu wannan sani suna ta ƙarewa, yaran yanzu kuwa ba su cika tambaya ba.

A unguwar Sabo ta Ibadan akwai wani dattijo da ya haura shekara tamanin, wanda a ƙuruciyarsa, wajejen samun mulkin kai, sana'arsa ita ce koro shanu a ƙasa daga Arewa zuwa Kurmi. Sukan ƙetare Kwara a Jebba, su bi ta Ilori da Ogbomosho da Oyo, makonni suna tafe, suna sauri su wuce yankin tsando kafin shanu su rame. Kayansa duka a lokacin ba su wuce sanda da wuƙa da igiya, da tabarma da bargo, da gora da 'yar tukunya ba. Ran nan jikansa, wanda ke karatun aikin gandun daji, ya zo yi masa sallama, don za a fitar da ajinsu daji na mako biyu. Ya zo ɗauke da sabon tanti na kanti da jaka cike da kayan zamani. Tsohon ya dubi kayan ya yi dariya, ya ce, "To, ɗan boko, kaya kam ka saya. In iska ta yage wannan ɗaki naka na leda da tsakar dare, wane kanti za ka?" Yaron ya ce, "Ai abin da ya kawo ni ke nan, Kaka." Hirar da suka yi daga la'asar zuwa isha'i ta tattara yawancin abin da mai kwanan daji yake bukata.

ZAƁEN WURI

Abu na farko da tsohon ya ja wa yaron kunne a kai shi ne a sauka da sauran rana, gama wanda ya yada zango bayan magariba bai san a kan me ya shimfiɗa tabarmarsa ba. In akwai ƙauye kusa, kafin a kafa komai a je a gai da mai gari, a faɗa masa ko su wane ne, da kwana nawa za a yi. Mutanen wurin su suka san rijiyar da ake sha da hanyar da ba a bi, a wannan zamani na rashin tsaro kuwa baƙon da bai yi sallama ba yana iya zama abin zargi.

Sa'an nan a nemi tudu. Yashin busasshiyar korama yana da daɗin kwanciya, amma ruwan da aka yi can nesa, wanda mutum ko hadarinsa bai gani ba, yana iya sauko masa cikin dare. A nisanci suri da tarin duwatsu da kogon itace, don nan macizai da kunamu suke fakewa. A ɗaga kai a duba ko bishiyar da za a zauna a gindinta tana da mataccen reshe. In hadari ya taso da walƙiya, a bar gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, saboda irinta aradu ta fi faɗa wa. Gawo kuwa, in ji tsohon, mayaudari ne, da rani ga ganye ga inuwa, da damina lokacin da ake neman mafaka sai ya kaɗe, ya bar mutum da ƙaya. A share wurin kwanciya tas har ƙasa ta fito, domin a fili ake ganin abin da ke rarrafe. Ƙofar tanti ko bukka a juya ta yamma, tun da a ƙasar nan hadari daga gabas yakan taso, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa.

Matsalolin tanti da tamfol sanannu ne, maganinsu kuma bai wuce abin da ake tsinta a ƙasa ba. In hujin da ake zura igiya ya yage, a sami tsakuwa mai santsi kamar girman goro, a tura ta daga ciki, a tattaro tamfol ɗin a kanta, a ɗaure wuyan da igiya, shi ke nan an sami sabon maɗauri. In ƙasar yashi ce, turke ba ya kamawa, sai a ɗaura igiyar a tsakiyar guntun itace, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a kwantar da itacen a gicciye, a binne, a tattake. Tsohuwar robar cikin tayar keke, in aka yanka ta siri-siri, tana ɗaure komai, kuma in aka sa ta tsakanin igiya da turke takan miƙe in iska ta bugo, tamfol ya tsira daga yagewa. Ɗinkin da ke yoyo a goga masa kyandir ko kakin zuma. A ja rufin ya miƙe da gangare don kada ruwa ya taru a kansa ya yi ciki, a kuma haƙa 'yar magudana ta gefen da ruwa ke gangarowa, ta kewaye da shi.

WUTA DA SANYI

A zamanin tsohon, ƙyastu da audugar rimi suke ɗauka cikin 'yar jakar fata. Yanzu ashana ta wadata, amma ita laima take tsoro. Dabarar ita ce a tsoma kawunan ashanar cikin narkakken kyandir, a zuba su a gwangwani mai murfi tare da gefen kwalin da ake ƙyastawa, a kuma raba su gida biyu, rabi a jaka rabi a aljihu. In an yi ruwa, mataccen reshen da ke bisa bishiya ya fi wanda ke ƙasa bushewa, kuma jiƙaƙƙen itace ma in aka faskara shi za a tarar cikinsa a bushe, sai a fere shi siri-siri a fara da shi. Auduga da aka shafa wa man kaɗanya ko man gyaɗa takan daɗe tana ci har ƙirare su kama. Busasshen kashin shanu makamashi ne inda babu itace. Fetur kuwa kada a kuskura a zuba shi a wuta, ya ƙone fuskokin mutane da yawa.

Duwatsun murhu a ɗauko su a tudu. Dutsen da ya daɗe cikin rafi yana riƙe da ruwa a cikinsa, in ya sha zafi ruwan ya zama tururi, yana iya fashewa ya watso wa mai girki. In babu dutse, a haƙa siririn rami wanda bakinsa ya fuskanci iska, a ɗora tukunya a kansa, ga shi kuma ba ya cin itace da yawa. Kafin a ɗora tukunyar a shafe bayanta da taɓo ko sabulu, baƙin zai zauna a kan abin da aka shafa, ya fita da wanki ɗaya. Kwanon da ya yi maiƙo, toka da ɗan yashi sun wadatar, ai da ruwan toka ake haɗa sabulun salo.

Game da sanyi, tsohon ya ce kuskuren baƙo shi ne ya tara bargo a bisansa ya manta da ƙarƙashinsa, alhali ƙasa ita ke zuƙe ɗumin jiki. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan dawa ko kwali kafin tabarma, a rufe kai da hula ko rawani, a ɗumama dutse a gefen wuta a naɗe shi da tsumma a ajiye wajen ƙafa. Faso da fashewar leɓe na hunturu, man kaɗanya maganinsu ne. Amma fa akwai abin da ba a yi ko sanyi zai tsaga dutse, watau shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, takan sa ciwon kai da kasala, mutum ya yi barci ya zarce. Hayaƙin janareta ma haka yake. Wuta wurinta waje ne.

RUWAN SHA

Nan hirar ta fi tsawo, nan ne kuma jikan ya fara saka baki. Tsohon ya ce su a da, in suka iske tafki ya yi laka, sukan haƙa rami a yashin gefensa, su jira ruwa ya tsattsafo a ciki, ya fi na tafkin haske. Sa'an nan su tace da rawani ko tsumma mai tsabta da aka ninka. Wannan tacewa ta yi wa ƙasar nan aiki babba. Kurkunu, wadda ta kwantar da mutum fiye da 650,000 a Nijeriya a ƙidayar 1988 zuwa 1989, ta hanyar waɗansu ƙananan ƙwari na cikin ruwan tafki take shiga jiki, kuma ƙyallen tacewa yana cikin manyan makaman da aka yaƙe ta da su. An ga mai ɗauke da ita na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da ƙasar ta rabu da ita a 2013.

In ruwa ya yi kauri da laka, ɗan gutsuren alif yakan kwantar da ita. In babu alif, a ɓare busassun 'ya'yan zogale, a daka ƙwayar ta yi gari, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya, a dama da ɗan ruwa a zuba, a juya sosai, a bari kamar awa guda, lakar za ta dunƙule ta kwanta, sai a tsiyaye na sama. Matan ƙauyukan gaɓar kogin Nilu a Sudan sun daɗe da sanin wannan dabara.

Sai yaron ya ce, "Kaka, ruwa yana iya yin garau kamar hawaye, kwalara da taifot suna ciki." Gaskiya ya faɗa. Ƙyalle da alif da zogale suna kawar da laka, suna rage ƙazanta, amma ba su kashe ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Bayan an tace sai a tafasa, ruwan ya yi ta ɓulɓula na minti ɗaya aƙalla. In itace ya yi wuya, a zuba tataccen ruwa a farar gorar roba wadda ake ganin cikinta, a kwantar da ita a rana mai ƙarfi awa shida, in da gajimare kuwa kwana biyu, hasken rana zai kashe yawancin ƙwayoyin. In kuma gudawa ta kama wani, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A auna lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ba fashi, ana kuwa neman hanyar asibiti. Wurin ba-haya a haƙa masa rami nesa da ruwa, ta gefen gangare, a riƙa rufewa da ƙasa ko toka, a wanke hannu da sabulu, in babu shi da toka.

Sanyaya ruwa ba shi da wuya. A naɗe gora ko jarka da jiƙaƙƙen buhu a rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa, yadda laimar ke bushewa haka take ɗauke zafin. Hikimar salka da randa ke nan, kuma a kanta ne wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya gina dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Guzuri kuwa a nemi wanda ba ya lalacewa, irin su kilishi da ƙuli-ƙuli da garin rogo da dabino da gumba, a rataye shi a reshe, a shafa toka ko man gyaɗa a igiyar don tururuwa.

SAURO DA MACIJI

Makiyaya sukan turara ɗanyen ganyen dogon yaro ko kashin shanu da magariba, hayaƙin yana korar sauro daga mutane da dabbobi. Yana taimakawa muddin yana tashi, amma sauron zazzaɓin cizon sauro cikin dare yake aikinsa, lokacin da wuta ta mutu. Saboda haka gidan sauro ya fi komai, in ya huje a tattare hujin a ɗaure da zare, a kuma cusa gefensa ƙarƙashin tabarma. Kwarkwasa da cinnaka ba su son ƙetare toka, sai a zagaye shimfiɗa da ita. Takalmi a kife shi a kan sanda, da safe a kakkaɓe kafin a zura ƙafa, bargo ma haka, don kunama tana son wuri mai duhu da ɗumi. Ba a fita fitsari da dare ba takalmi ba tocila, ba a kuma zura hannu cikin tarin itace sai an fara taɓa shi da sanda.

Da aka zo kan saran maciji, tsohon ya faɗi yadda suke yi a da: a ɗaure sama da wurin tamau da igiya, a tsaga da wuƙa, a tsotse, a shafa magani. Yaron ya ce likitoci sun hana duka waɗannan. Ɗauri mai tsanani yana hana jini zagayawa har gaɓa ta ruɓe, tsotsa ba ta fitar da dafi, tsagawa kuwa ita ce mafi haɗari, domin dafin kububuwa, macijin da ya fi yi wa manoma da makiyaya ɓarna a ƙasar nan, yana hana jini daskarewa. Abin yi shi ne a kwantar da wanda aka sara a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko agogo kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar kara kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji ba tare da ɓata lokaci ba. Irin wannan aiki ne ya sa asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna. In gamsheƙa ce ta tofa wa mutum a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa, sa'an nan a tafi asibiti.

Tsohon ya yi shiru na wani lokaci. Daga baya ya ce akwai wani abokin tafiyarsu, saurayi ɗan'uwansa, da maciji ya sara bayan sun ƙetare Kwara. Sun ɗaure, sun tsaga, jini ya ƙi tsayawa, a rana ta uku suka binne shi a gefen burtali suka ci gaba da shanu. Ya ce, "Da mun sani, da mun ɗora shi a kan sa mun nemi gari. Riƙe naka na boko a nan, ya fi nawa." Yaron ya tafi da tantinsa, amma ya ƙara igiya da kyandir da robar keke da 'ya'yan zogale a cikin jakar, ya kuma rubuta sunan asibiti mafi kusa da inda za su.

Abin da wannan hira ta nuna shi ne gadon magabata yana bukatar tankaɗe. Mafi yawansa tsaba ce, an gwada shi shekara da shekaru bisa hanya, kuma ba ya bukatar kuɗi. Kaɗan daga cikinsa ya ci rayuka, sai a ajiye shi, a ɗauki abin da likita ya tabbatar. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma ce rigakafi ya fi magani, mai hankali kuwa yakan riƙe duka biyun.

Ya kamata makarantu da ƙungiyoyin sikawut da 'yan agaji su riƙa gayyatar irin waɗannan dattawa su koya wa yara da hannu, ma'aikacin lafiya yana gefe yana gyara inda ya kamata. Gidajen rediyo su ware wa abin fili kafin kowace damina. Hukumomin ba da agajin gaggawa kuma, in sun raba tamfol da bargo ga waɗanda ambaliya ko rikici ya kora, su haɗa da bayani cikin harshen da mutanen ke ji, na yadda ake kafa shi, da tsabtace ruwa, da haɗarin gawayi. Shi kuma wanda ya gama zamansa zai tashi, ya kashe wutarsa da ruwa ko ƙasa har tokar ta yi sanyi a tafin hannu, don gobarar daji guda tana iya cinye kiwon shekara da amfanin gonar da ba a kwashe ba. Ya binne shararsa, ya cike ramukan da ya haƙa, ya koma ya yi wa mai gari godiya, domin na bayansa ya sami fuskar sauka. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya.